Farantin Taɓi a Injin CNC: Me Yake Aunawa, Me Ya Bar wa Mai Inji?

Kafintan da ya tambayi kuɗin injin sassaƙa na CNC, wato wanda kwamfuta ke sarrafawa, a wurin dillali, ko na Sin ne ko na Kano, yakan ga an ambaci wani ɗan faranti mai waya a cikin kayan da ke biye da injin, an ce da shi inji ke daidaita baki, wato ƙarfen da ke yanka katako, da kansa. Wannan bayani ya jawo fahimta iri-iri tsakanin masu sana'ar katako da masu allunan talla a Maradi. Wani ya ɗauka injin ne zai cire baki ya sa wani ba tare da hannun mutum ba. Wani ya ga farantin bai kai tafin hannu ba, ya bar shi cikin kwali, ya ci gaba da awo da takarda yadda mai haɗa injin ya nuna masa. Akwai kuma wanda ya jona shi, baki ya karye a gwajin farko, daga nan ya yanke hukunci cewa kayan banza ne.

Aikin farantin guda ɗaya ne: ya sanar da inji inda tsinin baki yake tsakanin sama da ƙasa. Kafin a gane amfaninsa, sai an gane dalilin da ya sa inji mai tsada haka bai san wannan da kansa ba.

## Abin da inji ya sani da wanda bai sani ba

Injin CNC na katako yana tafiya ta fuska uku. X hagu da dama, Y gaba da baya, Z sama da ƙasa. Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne mai lamba 1325, wato teburinsa milimita 1300 a faɗi, 2500 a tsawo, don ya ɗauki fallen MDF (katakon da aka matse daga garin itace) ko filawud mai 1220 da 2440 ba tare da an rage shi ba. Idan an kunna shi, kan injin yakan koma kusurwa guda ya taɓa ƴan makunnai da aka dasa a ƙarshen kowace hanya. Masu inji na cewa ya koma gida. Daga wannan wuri ƙwaƙwalwar injin ke ƙirga duk wani motsi da kan zai yi, don haka a kowane lokaci ta san inda kan yake.

Baki kuwa ba jikin inji ba ne. Ana zura shi cikin kolet, wani zobe mai tsage-tsage da ke matse shi idan an ɗaure noti. Kolet irin ER, kamar ER11 ko ER20, ba shi da wani tudu a ciki da zai tsayar da baki a wuri ɗaya. Yau yaron shago ya zura ya bar milimita 30 a waje, gobe ya bar 33, kuma duka biyun sun ɗauru da kyau. Bakunan ma kansu ba tsawonsu ɗaya ba. X da Y ba sa motsi idan an sauya baki, domin tsakiyar baki tana nan a tsakiyar kan injin. Z ne kawai ke ɓacewa, kuma yana ɓacewa duk lokacin da aka kwance noti.

Shi ya sa ake saita abin da ake kira sifilin Z: matakin da za a gaya wa inji cewa daga nan ake fara ƙirga zurfi. Idan zane ya ce a shiga milimita 6, daga wannan matakin inji zai sauka 6. Idan matakin ya kauce, duk aikin ya kauce tare da shi.

## Abin da rabin milimita ke yi

A aikin zarto da hannu, rabin milimita ba abin magana ba ne. A injin sassaƙa yana fitowa fili, kuma ya fi fitowa a rubutu. Baki mai tsini kamar harafin V, mai kusurwa 90, yana buɗe layi ne gwargwadon zurfinsa: duk milimita ɗaya da ya nutse, layin na ƙara faɗin milimita biyu. Ke nan idan sifili ya sauka da rabin milimita, kowane layi na rubutu zai ƙara kauri da milimita ɗaya cur. A babban allon shago ba lallai a lura ba. A ƙaramin rubutun Larabci mai siraran layuka da ɗigo-ɗigo, irin wanda ake sassaƙawa a allon ado ko a saman ƙofa, haruffa sai su haɗe, ɗigo ya shige cikin harafin da ke kusa da shi. Idan kuma sifilin sama ya yi, siraran wuraren ba za su fito ba sam. Baki mai kusurwa 60 ya fi sassauci, milimita ɗaya a zurfi tana ba da kusan 1.15 a faɗi, amma matsalar tana nan.

A yankan falle ma haka. An sa MDF mai milimita 18, baki ya tsaya a 17.5, sai a ɗaga aikin a tarar akwai fata siririya da ta riƙe gutsattsarin, a koma bi da wuƙa, gefe ya tsattsage. Idan ya zarce, ya kwarzani katakon shimfiɗa da ke ƙarƙashi, wanda da ma don haka aka sa shi, amma kullum ana cin sa da yawa sai teburi ya daina zama daidai.

Inda abin ya fi ciwo shi ne aikin da ke buƙatar baki biyu ko uku. Fure a fuskar gado ko ƙofa ana fara shi da baki mai faɗi ya kwashe katako, sannan a sa siriri mai zagayayyen kai ya bi ya goge. Idan na biyun ya tsaya sama kaɗan, zai bar sawun na farko kamar matakala. Idan ya yi ƙasa, zai ci fiye da ƙarfinsa, kuma siririn baki ba ya jure haka.

## Hanyar takarda

Hanyar da kusan kowa ya fara da ita ke nan. A sa fallen takarda a kan katako, a riƙa sauke baki kaɗan-kaɗan da maɓalli ana jan takardar da ɗayan hannu, har a ji ta fara kamawa, sai a danna sifili. Takardar ofis kaurinta kusan milimita 0.1 ne, kuma ƙwararren mai inji yana iya samun daidaito mai kyau da ita. Rauninta shi ne ta dogara da jin hannu. Abin da maigida ke kira kamawa ba shi ne yaronsa ke kira kamawa ba, kuma hannun safe ba ɗaya yake da na yamma ba bayan wuni cikin zafi. Tsinin baki mai kaifi kuma yakan huda takarda ya nutse cikin katako mai laushi kafin mutum ya ji komai.

## Yadda farantin ke aiki

Farantin ɗan guntun ƙarfe ne mai ɗaukar lantarki, galibi alminiyam ko tagulla, wanda aka san kaurinsa. Waya ɗaya tana fita daga jikinsa zuwa ƙwaƙwalwar inji. Waya ta biyu tana da maƙali mai bakin kada, ana maƙala shi a jikin bakin yanka. Wutar da ke bi ta nan ƴar kaɗan ce, bolt 5 zuwa 24 gwargwadon injin, ba ta jan mutum. Baki da faranti sun zama makunni ke nan: muddin ba su haɗu ba hanya a yanke take, da zarar tsini ya taɓa faranti hanya ta haɗu, ƙwaƙwalwa ta tsayar da sauka.

A aikace ga yadda abin yake. An kashe juyin baki. An share kan katako da tafin hannu, an ajiye farantin, an kawo baki samansa da tazarar yatsa ɗaya ko biyu. An maƙala waya. Mai hankali yakan ɗaga farantin ya taɓa shi a jikin baki tukuna, ya ga alamar ta kunna a allon kwamfuta, sannan ya mayar da shi ƙasa ya danna maɓalli. Kan inji ya fara sauka a hankali, ana jin ƙarar motarsa ƙasa-ƙasa, ya taɓa, ya tsaya, ya ɗan ja sama. A wannan lokacin ƙwaƙwalwa ta yi lissafi mai sauƙi: idan farantin milimita 15 ne, tsinin baki yana milimita 15 sama da katako, don haka sifili yana 15 ƙasa da nan.

Dabarar auna abu ta hanyar taɓi da lantarki ta daɗe a masana'antu. A 1972 David McMurtry, injiniya a kamfanin Rolls-Royce na Ingila, ya ƙirƙiro ma'aunin taɓi don auna siraran bututun injin jirgin Concorde, kuma a kansa aka kafa kamfanin Renishaw a 1973. Farantin kafinta ƙaramin dangin wannan ne, an rage shi har ya zama ƙarfe da waya biyu.

Umarnin da ke yin aikin ya bambanta daga inji zuwa inji. A manhajojin tafiyar da inji LinuxCNC da Grbl ana rubuta G38.2, ma'anarsa a tafi har a taɓa, idan an ƙare tazarar da aka bayar ba a taɓa ba a tsaya a nuna kuskure. Bayansa sai G10 L20 ya rubuta sabon sifili tare da kaurin farantin. Grbl, manhajar kyauta da ke tafiyar da ƙananan injuna da yawa, ta samu wannan damar tun siga ta 0.9, kuma a allon lantarki na Arduino Uno da ake ɗora ta a kai, ƙafar A5 ce aka ware wa wayar farantin. Wata manhajar, Mach3, tana amfani da G31, amma maɓallin da aka tanada don wannan aiki yana zuwa ba komai a bayansa, sai mai inji ya zuba masa ƴan layukan umarni. Manyan injunan Sin masu ƙwaƙwalwar RichAuto da ake riƙewa a hannu, ko masu NCStudio, suna zuwa da tsarin a ciki, abin da ya rage shi ne a shigar da kaurin farantin a inda aka tanada.

Saurin sauka yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Inji ba ya tsayawa cak a daidai lokacin taɓi, akwai ɗan jinkiri kafin saƙo ya kai da kuma kafin mota ta tsaya. A saurin milimita 1000 a minti, baki na cin kusan milimita 16.7 a daƙiƙa, don haka jinkirin kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ya isa ya zarce da 0.17. A saurin 100 a minti, jinkirin nan bai wuce 0.017 ba. Wannan ne ya sa tsarin da aka rubuta da kyau ke taɓawa sau biyu: na farko da ɗan sauri don a gano wurin, a ja baya milimita biyu ko uku, na biyu a hankali don a ɗauki awo.

## Abubuwa uku da ake haɗawa a suna ɗaya

Yawan ruɗanin kasuwa daga nan yake. Akwai farantin hannu, wanda aka bayyana a sama, ana ɗora shi a kan aiki a cire. Wani nau'insa yana da kusurwa da ke rungumar gefen katako, ya ba da X da Y tare da Z.

Akwai na dindindin, wanda aka kafe a gefen teburi, galibi maɓalli ne mai sifirin a ciki da ke lotsawa idan baki ya danna shi. Shi ba ya neman fuskar katako. Aikinsa kwatanta baki da baki. An saita sifili da bakin farko a kan aiki, inji ya je ya taɓa maɓallin ya riƙe lambar. An sauya baki, ya sake zuwa ya taɓa, ya cire wannan daga waccan, bambancin ya gyara Z da shi. Amfaninsa na fitowa a sassaƙar fure: bayan bakin farko ya kwashe fuskar katako, sau da yawa ba sauran wuri sumul mai faɗi da za a ɗora farantin hannu a matakin asali.

Na uku shi ne injin da ke sauya baki da kansa, mai jerin mariƙai a gefe da kan da ke saki da kamawa da ƙarfin iska. Wannan wani aji ne daban a kuɗi da kulawa, yana buƙatar kwamfuresa da busasshiyar iska. Dillalin da ya ce inji na daidaita baki da kansa, mafi yawan lokaci na farko ko na biyu yake nufi. Ya kamata mai saye ya tambaya a fili wanne ne, kafin kuɗi su fita.

## Inda ake karya baki

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mantawa da maƙali. Hanya ba za ta haɗu ba, inji ba zai ji taɓi ba, zai ci gaba da danna baki a kan ƙarfe har ya ƙare tazarar da aka ba shi. Siririn baki ya tafi ke nan. Maganinsa biyu ne: gwajin taɓi da hannu kafin a danna maɓalli, da kuma taƙaita tazarar nema zuwa milimita 20 ko 25 maimakon a bar ta a buɗe. Wasu injuna ba sa buƙatar maƙali domin jikin injin ne ke zama waya ta biyu, amma idan kan injin na da boris na tangaran, lantarki ba ya ratsawa zuwa baki, dole a maƙala. Akwai kuma kuskuren da ke biyo baya: a gama awo a kunna juyi maƙali na jikin baki. Kan da ke juyi har 24,000 a minti zai nannaɗe wayar ya yi jifa da ita, kuma wannan haɗari ne ga ido da hannu.

Na biyu shi ne lambar kauri. Farantin da aka rubuta 15 a cikin inji alhali ainihinsa 14.6 ne zai sa kowane aiki ya nutse da 0.4, yau da gobe da jibi, ba tare da wata alama ba. Kamar tiyar da bakinta ya lotsa ce a hannun mai awon hatsi: ko sau nawa aka auna za ta ba da abu ɗaya, kuma duka ba daidai ba. Wanda ya kwafo layukan umarni daga intanet ya fi shiga wannan, domin lambar da ke ciki ta farantin wani ce, wani lokaci ma da inci aka rubuta ta, kuma inci ɗaya milimita 25.4 ne. Dole a auna farantin da ma'aunin kauri a wurare da dama, a shigar da abin da aka gani.

Ƙura na yin akasin haka. Garin katako mai kaurin 0.3 a ƙarƙashin faranti zai ɗaga sifili da 0.3, aiki ya fito bai kai zurfi ba. Ƙura ko ƙaron katako a tsinin baki kuma na hana lantarki wucewa a taɓin farko, sai an ɗan danna. Falle da ya banƙare shi ma yana yaudara: an auna a inda ya tashi, sauran wurare na ƙasa.

Sannan akwai taɓin ƙarya. Inbatar da ke sarrafa gudun kan inji tana watsa hayaniyar lantarki, kuma doguwar wayar faranti da ta bi kusa da wayar kan injin tana iya ɗauka. Inji sai ya tsaya a iska ya rubuta sifili, ko ya ƙi farawa. A Grbl 1.1 ƙararrawa ta 4 na nufin an ga alamar taɓi tun kafin a fara, ta 5 na nufin an ƙare tazara ba a taɓa ba. Waya mai rigar ƙarfe, raba hanyarta da ta kan inji, da wayar ƙasa ta gaskiya da aka binne, su ne gyaran. A nan maɓallin dindindin mai hanya a haɗe ya fi aminci: shi taɓi ne ke yanke hanya, don haka idan waya ta tsinke inji zai ga matsala tun bai motsa ba. Farantin hannu kuwa tsinkewar waya da rashin taɓi duk ɗaya ne a wurinsa.

## Kan katako ko kan teburi

Wannan tambaya ta raba masu inji, kuma kowane ɓangare na da hujja. Masu ɗora faranti a kan katako na cewa zurfin ado da rubutu daga fuska ake ganinsa, don haka daga fuska ya kamata a ƙirga. Masu ɗora shi a kan katakon shimfiɗa na cewa fallen da aka rubuta 18 sau da yawa bai cika 18 ba ko ya ɗan wuce, MDF kuma na kumbura da damina, amma teburi na nan inda yake, don haka mai son yanka ya ratsa daidai ba tare da cin shimfiɗa ba daga ƙasa zai ƙirga. Idan aka duba, ba aiki ɗaya suke magana a kai ba. Rubutu da fure sun fi dacewa da sifilin sama, yankan gutsattsarin kabad da duk abin da kaurin da ya rage ke da muhimmanci sun fi dacewa da na ƙasa.

Inda gizo ke saƙa shi ne manhajar zane. ArtCAM, wadda kamfanin Autodesk ya daina fitarwa a 2018 amma har yanzu tana hannun masu sassaƙa da yawa, da Aspire da VCarve, duk suna tambaya tun farkon aiki ko sifili na sama ne ko na ƙasa. Idan an zaɓi ƙasa a zane aka auna sama a inji, baki zai yi ta yawo a iska milimita 18 sama da inda ya kamata, ba a yi asarar komai ba sai lokaci. Idan an zaɓi sama a zane aka auna a teburi, inji zai ɗauka fuskar katako na can ƙasa, ya nutsa baki ta cikin fallen gaba ɗaya ya shiga teburi. A shagon da mai zane daban, mai tsayawa kan inji daban, wannan ya fi saurin faruwa, kuma farantin ba shi da hanyar ganewa. Rubuta sama ko ƙasa a sunan kowane fayil ya fi kowace na'ura magance shi.

## Masu so da masu ja

Masu goyon bayan farantin na kafa hujja da maimaituwa: ko wa ya danna maɓalli, lamba ɗaya za ta fito, kuma maigida na iya fita sayen kaya ya bar yaro ya sauya baki. Masu ja na cewa ƙwararre da takarda ba ya ɗaukar minti ɗaya, waya kuma ƙarin abin lalacewa ce a wurin da ƙura ta yi yawa, sannan yaron da ya saba da maɓalli ranar da waya ta tsinke zai tsaya yana kallon inji.

Hujjar masu ja tana da ƙarfi a shagon da ke yankan falle da baki ɗaya daga safe zuwa yamma. A can sau ɗaya ake saita Z, ribar farantin kaɗan ce. Tana raguwa yayin da sauyin baki ke ƙaruwa. Shagon da ke sassaƙa ƙofofi da fuskar gado, baki uku a kowane aiki, yana saita Z sau da yawa a wuni, kuma kowane saiti dama ce ta kuskure a kan katakon da aka riga aka ɓata wa sa'o'i. Batun koyon yara kuwa bai hana a koya musu duka biyun ba, kuma takarda ita ce hanya mafi sauƙi ta bincikar farantin: bayan awo, a kawo baki sifili a kan katako a ga ko takarda ta kama.

## Abin da ya shafi Maradi

Wuta ce ta farko. Yankin Maradi da Damagaram na samun lantarki ta layin da ya taso daga Katsina, kuma kowa ya ga abin da ya biyo baya lokacin da Najeriya ta yanke shi a Agustan 2023. Ɗaukewar wuta a tsakiyar sassaƙa na sa inji ya manta inda yake. Idan yana da makunnan komawa gida kuma an rubuta sifili a wurin da ba ya gogewa, ana iya ci gaba. A Grbl, sifilin da aka rubuta da G10 yana zama ko an kashe inji, wanda aka rubuta da umarnin G92 kuwa yana tafiya da wutar. Wannan ɗan bambanci a layi guda na iya zama bambanci tsakanin ƙarasa ƙofa da sake sayen katako. Idan baki ya karye lokacin ɗaukewar, maɓallin dindindin ne ke mayar da sabon baki daidai matakin tsohon. Masu aiki da janareta kuma su ne suka fi buƙatar kula da wayar ƙasa, domin sau da yawa ana jona janareta ba tare da ita ba.

Hunturu na kawo ƙura a kan ƙurar katako, don haka goge faranti da tsinin baki ya zama wani ɓangare na awon. Maɓallin dindindin yana son murfi.

Sai batun kayan gyara. Bakuna masu kyau ba a kowane shago ake samunsu ba, yawanci ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya suke zuwa daga Kano, ko a yi odarsu daga waje a jira. Rufe iyakar Najeriya bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, wanda ya kai har Maris 2024, ya nuna yadda wannan hanya ke iya tsayawa. A irin wannan hali siririn baki guda da ya karye na iya tsayar da aikin kayan ɗakin amarya da aka sa wa rana. Farantin na rage karyewar da ke zuwa daga nutsewa fiye da kima, amma a hannun wanda bai gwada maƙali ba shi kansa yana karya baki. Ga mai sayen kaya, abin da zai gani shi ne ƙofa biyu na kabad ɗaya sun fito da zurfin fure iri ɗaya, rubutun allo kuma bai cushe ba.

Farantin hannu ba ya buƙatar oda daga waje. Guntun alminiyam mai fuska biyu a miƙe, waya, da maƙali irin na masu gyaran rediyo sun isa, muddin ƙwaƙwalwar injin na da ƙafar da ke karɓar saƙon. Abin da ba a yi da ka shi ne jona wayar: a duba takardar injin a ga ƙafar da ƙarfin wutarta, domin sa bolt 24 a ƙafar da aka yi don 5 na ƙona allon. Bayan an haɗa, a sa tsohon baki, a ɗora farantin a kan soso a gwajin farko don ya lotsa idan inji bai tsaya ba. Daga nan a mayar da shi kan teburi, a auna sau goma a wuri ɗaya ana rubuta lambar Z ta inji kowane karo. Idan lambobin na yawo da fiye da kaurin takarda, a rage saurin taɓi na biyu, a duba waya, a kuma girgiza kan injin da hannu a ji ko akwai sako-sako a hanyar Z, domin wannan matsala ce ta ƙarfe da noti, kuma sai makaniki ya ɗaure ta kafin awon ya zauna.